Baba ya dawo gida daga asibiti

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah Ya raya mana su, Ya ƙara miki ƙarfin jiki. Mu nan lafiya lau, sai kewarki. Yaya Babba ya sami canjin wurin aiki, matarsa kuma ta fara sayar da kayan yara a gida.

Yaya, abin da kika ji a waya gutsure-gutsure ne, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta miki shi daga farko. Kin san rumfar Baba a ƙarshen layin masu kaji, da tukunyar ruwan zafinsa da teburin fiɗa. Watan jiya aka kawo masa kaji daga wata gona, washegari ya tarar da wasu sun mutu a keji, sauran kuma kansu ya kumbura, zankonsu ya yi baƙi-baƙi, suna ta layi. Dogo, maƙwabcinsa na rumfa, ya roƙe shi ya binne su ya yi shiru, don in magana ta fita za a rufe layin gaba ɗaya. Baba ya ce shi ba zai iya miƙa wa matar wani kazar da ba zai kawo gidansa ba. Da ƙafarsa ya je ya kira likitan dabbobi. Aka gwada, aka ce murar tsuntsaye ce. Aka kashe kajin layin duka, aka yi feshi, aka rufe. Dogo ya daina gaishe shi.

Sai dai kafin nan Baba ya riga ya kwashe matattun da hannunsa, ba safar hannu ba komai. Bayan 'yan kwanaki idanunsa suka yi jajur, zazzaɓi ya rufe shi, ga tari. Da ya fara haki daga ɗaki zuwa tsakar gida, Yaya Babba ya ɗauke shi sai asibiti. Suna jin sana'arsa suka keɓe shi a ɗaki shi kaɗai. Mu ma aka duba mu, aka ce mu riƙa lura da jikinmu. Likitar ta kwantar mana da hankali, ta ce cutar takan kama mai taɓa tsuntsayen ne, kuma da wuya ta tsallaka daga mutum zuwa mutum. Alhamdu lillahi, babu wanda ya kamu a cikinmu.

Ɗakin yana da tagar gilashi, da wani dogon benci a waje. Nan Mama ta tare. Kin dai san su ita da Baba, ba sa wuni ba su yi musu ba, to gilashi ma bai raba su ba. Da hannu take masa faɗa ya ja bargo, shi kuma ya kau da kai wai bai gani ba. Amma da jikin ya tsananta aka sa masa abin taimakon numfashi, sai Mama ta yi shiru. Shirun nan ya fi komai tayar mini da hankali. Wata safiya na same ta a kicin ta zuba shayi kofi biyu, tana tsaye tana kallonsu. Ta ce mini ita hannunta bai iya zuba kofi ɗaya ba. Na rungume ta, muka yi kukanmu, sannan muka wanke fuska muka tafi.

Ranar da sauƙi ya fara samuwa, muna tsaye a taga Baba ya buɗe ido, ya daɗe yana kallon Mama, sai ya ɗaga yatsa ya nuna mata ɗankwalinta ya karkace. Ta gyara tana harararsa, hawaye na zuba, tana cewa mutum yana kwance ma ba zai bar sa ido ba. A ranar Dogo ya zo. Ya dafa gilashin kawai. Daga baya ya faɗa wa Yaya Babba cewa jikokinsa kullum a cikin kejin nan suke wasa, shi ya san abin da Baba ya tsare masa.

Yanzu Baba yana gida. Ya rame, yana tafiya a hankali, amma yana cin abinci. Ga abin da nake roƙonki. Yana so ya koma rumfa in an buɗe layin kuma likita ta yarda, yana kuma fargabar kiranki, don ya san za ki ce ya zauna ku ɗauki nauyinsa. Mama ma haka ta ce da farko. Da ta ga ya wuni a ƙofar gida yana wasa wuƙaƙen da ba abin da za su yanka, ita da kanta ta je ta sayo masa dogon takalmin roba da takunkumi, ta ce ranar da ta gan shi da hannu tsirara to a keji zai kwana. Don Allah in kin kira, kada ki ce ya bari. Ki tambaye shi yaushe za a buɗe kasuwa, ki ji yadda muryarsa za ta dawo. In kuma akwai safar hannu mai kauri a wajenku, ki aiko da manya, kin san hannun Baba.

Ki gaida maigidanki da kyau, da Gwaggo in kun haɗu, da yaranki 'Yar Baba da Ƙaramin Sarki. Mama da Yaya Babba da matarsa suna gaishe ku. Baba ya ce in rubuta cewa lafiyarsa ƙalau, wai ɗan zazzaɓi ne kawai. To, na rubuta.

Taki ƙanwa mai kewarki,
Auta