Littafin Awon Tsohon Tela

Zuwa ga 'yata Auta,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina masu yashe mini aljihu. Ya aiki a ma'aikatar lafiya? An ce ku ne masu rubuta dokokin da ake karanta mana a rediyo. To, sannunku da ƙoƙari. Takarda na rubuto don kin san kunnena da waya ba sa jituwa.

Bayan wata guda kasuwa na rufe saboda annobar nan, an yarda mu teloli mu buɗe, da sharaɗin mu ɗinka takunkumin rufe hanci da baki. Shago ashirin da biyu ne a layinmu, duk kekuna sun farka. A watan rufewar nan, Auta, na ga magidanta masu furfura suna sayar da wayoyinsu don a ɗora tukunya.

Kin san ubanki. Shekara arba'in da biyar ban bar mutum ya fita shagona da abin da bai zauna masa ba. Fuska ma iri-iri ce, wani hancinsa ya riga shi shiga ɗaki, wani kumatu kamar ya ɓoye lemo. Sai na yanka girma uku na zuba a kwando. Kowa ya zo ya ɗauka ya sa, ya yi magana, ya yi dariya mu ga ko zai zame. In bai yi ba, ya mayar ya ɗauki wani. Wanda ya saya na rubuta sunansa da lambar wayarsa a littafin awo, yadda na saba. Mai Guga, maƙwabcina na shago, ya fi kowa gwadawa, bai sayi ko ɗaya ba, wai suna ɓoye masa kyau. Na ce ai taimakon jama'a ke nan. Kwana biyu yana ɗan tari, ya ce hayaƙin gawayi ne.

Ki shafa mini kan yara.

Babanki

*

Auta,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ya jikin ƙaramin naki? Ni lafiyata ƙalau, kada ki tashi hankalinki, amma yau kwanana uku a killace a gida.

Mai Guga yana asibiti, numfashi yana yi masa wuya. Ba gawayi ba ne.

Ranar da aka tafi da shi wata jami'ar lafiya ta zo layinmu, sa'arki ce. Ta iske wani mai kanti yana cire takunkumi daga fuskarsa yana mayarwa kwandona. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta tambaye ni a hankali ko Mai Guga ya taɓa sa hannu a kwandon. Sai a lokacin na gane abin da na yi. Sati biyu ina ɗauke numfashin wani ina ɗaura wa wani a hanci, har ina alfahari da cewa ya zauna daidai.

Tana son sunan duk wanda ya gwada. Na ce ta ba ni lokaci in tuna, ta bar mini lambarta.

Jiya shugabanmu na teloli ya zo ya tsaya daga bakin taga. Ya tuna mini dokarku: in aka sami mutum uku masu cutar ta hanyar layi ɗaya, a rufe shi sati uku. Ya ce ni tsoho ne, in na ce na manta ba mai ƙaryata ni. Ya lissafa mini gidajen da sai jiya-jiya suka fara cin abinci sau biyu. Ba mugu ba ne, Auta, kuma bai faɗi ƙarya ko ɗaya ba.

Littafin yana nan kan gwiwata. Mutum sittin da ɗaya ne suka saya, kowa kuma sai da ya gwada. Akwai malamar makarantar da ta ce mini mahaifiyarta mai ciwon suga tana ɗakinta. Akwai direban bas. In na rufe littafin sai in ga layinmu, in na buɗe sai in ga waɗannan. Ban taɓa sanin rubutun hannuna zai yi mini nauyi haka ba.

Kada ki ba ni amsa da bakin ofis. Ki sa ni a addu'a kawai.

Babanki

*

'Yata Auta,

Ina gaishe ki, ina gaida mutan gidan. Na ga saƙonki, na kuma gode da ba ki ce mini yi ko bari ba.

Na kira jami'ar, na miƙa mata littafin ta taga. Cikin sittin da ɗaya an sami tara da cutar. Malamar nan tana ciki, an raba ta da tsohuwarta tun ba a makara ba. Direban ma an tsayar da shi kafin ya zaga gari da cutar. Ni da na haɗa abin ba a sami komai a jikina ba, kin ji ikon Allah. Mai Guga ya dawo ya rame kamar allura, bakin nan dai yana nan. Ya ce in ba shi ladan tallar da ya yi mini.

An rufe layin sati uku cif. Da aka buɗe, shago goma sha tara ne suka ɗaga ƙofa. Dogo, wanda yake ƙarshen layi mai 'ya'ya shida, ya sayar da kekensa a sati na biyu. Tela in ya sayar da keke, ai hannunsa ya sayar. Tallafin da aka ce za a kawo har yau muna jin sa a rediyo.

Ban yi nadama ba, amma ba zan ce miki ina tafiya a layin da kai a sama ba. Abu ɗaya nake roƙonki. In kun zauna kuna rubuta a rufe wuri kaza, ki ce a ƙara layi ɗaya a ƙasa, na abin da mutanen wurin za su ci. Da akwai wannan layin, da ba wanda zai zo tagar tsoho ya roƙe shi ya manta.

Sai kuma neman gafara. Keken marigayiya mahaifiyarki da na ce naki ne, na sa masa mai, na sauya bel, na sa an kai wa Dogo. Ban tambaye ki ba don ina tsoron ki yi jinkiri ni kuma in sami uzuri.

Yau da safe na bi ta shagonsa, na ji ƙarar keken tun daga nesa. Na yi sallama, bai ɗago ba. Keken ya karɓa, gaisuwar bai karɓa ba tukuna. Gobe ma ta nan zan bi.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki