Saniyar da Tozonta Ya Kwanta

Litinin, 3 ga Afrilu, 1978

Oga Dantong ya tara mu yau. Za a fita yawon wayar da kan makiyaya kan allurar ciwon huhu na shanu, kuma mutum ɗaya ne zai shirya zanen da za a haska a majigi, ya bi mota. Tun da aka buɗe sashen nan ni nake yi, ba a taɓa tambaya ba. Bana ya ce ni da Ifeanyi kowa ya yi nasa, a gwada a gaban makiyaya, wanda ya fi shi zai tafi. Ɗayan kuma ya koma rubuta allunan ƙofa. Ya faɗi wannan yana dariya. Ni ban yi ba.

Ifeanyi bai cika shekara a ofishin ba.

Laraba, 5 ga Afrilu

Na fara. Akwatuna a jere, kibiya daga kowanne zuwa na gaba: yadda ciwon yake shiga garke, yadda yake yaɗuwa, inda allura take tare shi. Na auna tazarar kowane akwati da rula. Tawadar ba ta ɗiga ko sau ɗaya ba.

Shi kuwa ko rula babu a teburinsa. Almakashi ne da tarin leda mai launi, irin ta naɗe alawa, yana yanka yana fito. Teburin kamar shagon tela ranar jajiberin salla.

Alhamis, 6 ga Afrilu

Ya kunna majigin don gwaji, na yi kamar ina neman abu a durowa. Ya ɗora koriyar leda a kan gilashin, ƙasa ta fito a bango. Ya ɗora wata a kanta, shanu suka bayyana. Ya ja ta sama da yatsa, sai ga garke yana tafiya. Tafiya fa.

Masinja ya tsaya a ƙofa baki buɗe. Shekarun da na yi a nan bai taɓa tsayawa kallon aikina ba.

Litinin, 10 ga Afrilu

Ifeanyi ya leƙo nawa. "Malam Datti, layinka ya miƙe kamar titin jirgi. Amma mutumin da yake baya zai gani?" Na ce wanda yake son gani zai matso gaba. Ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe," ya koma wurinsa.

Abin da ya fi ba ni haushi, babu raini a muryarsa. Da akwai, da na san abin yi da shi.

Da na koma gida na faɗa wa matata Maimunatu. Ta ce, "To, Baban Kubra, ka ƙara girman rubutun mana." Kamar abin nan ne kawai. In na ƙara girma, bayanin ba zai shiga ba.

Alhamis, 13 ga Afrilu

Na ga wani abu yau.

Lafiyayyun shanunsa farare ne. Masu ciwo ya yanka su da jar leda, wai ja alamar haɗari ce, kamar fitilar titi. A Rikkos, cikin garin Jos, aka haife shi, Hausa a bakinsa take, amma bai taɓa zama a ruga ba. A wurin makiyayi jar saniya Rahaji ce, fara kuma Bunaji, iri biyu ne daban. Kuma shanun da ke tudun Jos ɗin nan yawancinsu farare ne.

Na buɗe baki, na rufe. Ba a tambaye ni ba.

Juma'a, 14 ga Afrilu

Ba aikina ba ne gyara nasa.

Asabar, 15 ga Afrilu

Mai yiwuwa ma ni ne nake ƙara wa abin gishiri. Sau nawa nake tabbata da abu ya zo ya zama ba haka ba? In na faɗa kuma, za a ce hassada ce. To, in ban faɗa ba me za a kira shi? Babu mai kira, tunda babu wanda ya sani.

Laraba, 19 ga Afrilu

An yi gwajin a wata makarantar firamare, gaba da Vom kaɗan. Aka toshe tagogi da barguna, injin wuta yana ƙara a waje. Ardo Jika ya zo da mutanensa, ajin ya cika, wasu a kan benci wasu a ƙasa.

Nasa aka fara. Da shanun suka motsa, wani dattijo ya ja da baya yana salati, aka yi dariya. Da jajayen suka fito suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, dariyar ta ɗauke. Can Ardo ya gyara murya. Ya ce sun gode wa hukuma ƙwarai da ta sanar da su, alhamdu lillahi nasu farare ne, amma zai aika wa masu Rahaji da ke can ƙasa su yi hattara.

Na ga fuskar Ifeanyi a hasken majigi. Ba zan yi ƙarya a nan ba, na ji daɗi. Daɗi sosai, har cikin ƙafafuna.

Aka yi ta gardama. Wani ya ce shi ya rasa farare uku da tari bara, wani ya ce ai hoto ba ya ƙarya. Oga Dantong yana ta bayani har muryarsa ta dushe.

Sai nawa. Babu wanda ya yi gardama. Babu wanda ya ce komai ma. Na kai akwati na huɗu Ardo ya tambaya cikin ladabi ko taswirar Jos ce. Daga nan suka fara fita alwalar azahar, lokaci bai ma yi sosai ba. Kaɗan ne suka dawo, su ma don su tambaya ko za a sake nuna shanun.



Alhamis, 20 ga Afrilu

Ifeanyi zai tafi. Oga ya ce kuskure ɗaya ana gyara shi, amma ba a gyara ɗakin da babu kowa. Ya dafa kafaɗata ya ce babu mai rubutu irin nawa a duk ofishin. Allunan ƙofa ke nan.

Ban ci tuwo ba. Maimunatu ba ta tambaya ba, ta dai rufe kwanon.

Litinin, 24 ga Afrilu

Na gama "Ɗakin Ajiya" da "Ba a Shiga". Sun yi kyau. To, sai me?

Ifeanyi ya gwada shuɗi a madadin ja, ya cire. Ya gwada ɗige-ɗige, ya tuna akwai shanu masu roɗi-roɗi. Ya daina fito. Da rana ya juyo ya ce, "Malam Datti, kai ka san wannan maganar ta jar saniya tun da?" Na ce tawadata tana bushewa. Ya dube ni ɗan lokaci, ya ce, "Ba komai."

Ya sani.

Laraba, 26 ga Afrilu

Ruwan sama ya hana ni tashi da wuri, shi kuma ya riga ya fita. Guntayen kwalin allunana suna zube a ƙasa, almakashinsa a kan tebur. Don dai in rage zama ne.

Saniyar kawuna na tuna, wadda ta mutu ina yaro. Kai a sunkuye, wuya a miƙe tana neman numfashi, ƙafafun gaba a buɗe, tozon ya rame ya kwanta gefe. Na yanka siffarta a kwalin. Na yanka lafiyayya, tozo a tsaye. Na ɗora su a kan gilashin majigi na kunna. Haske ba ya ratsa kwali, duka biyun inuwa ce, babu ja babu fari. Hannuna bai saba ba, ƙaho ɗaya ya fi ɗayan tsawo. Na so in gyara da rula, ban ga inda zan aza ta ba.

Na bar su a wurin. Mantuwa ce.

Alhamis, 27 ga Afrilu

Ifeanyi ya gan su. Ya sake yanka garken duka da kwali, a kan tsarin nawa. Nasa ƙahonin sun fi kyau, dole. Amma mai ciwon bai sake ta ba, tawa ya saka, da karkataccen ƙahonta.

Yana fito kuma. Ya dame ni.

Talata, 2 ga Mayu

Motar ta tafi. Na ji ta daga ciki, ban fita ba. "Ofishin Akawu" nake yi.

Juma'a, 19 ga Mayu

Ifeanyi ya dawo ɗaukar sabon ƙwan majigi, ya yi baƙi, takalminsa duk laka. Ya zauna a bakin teburina ba tare da an ce ya zauna ba. Wai a wata ruga, da aka haska saniyar, wani mutum ya taso ya je har bango ya ɗora hannunsa a kan tozon. Ya ce, "Wannan tawa ce, haka ta yi kafin ta faɗi." Washegari ya kawo garkensa duka.

Na sa ya maimaita, wai ban ji sunan rugar ba.

Har yanzu shi ne a mota, ni ina nan da alluna. Wannan bai canja ba, kuma bai daina yi min ciwo ba.

Kafin ya tafi ya ce makiyaya suna tambayar na tumaki, shi kuma bai san yadda tunkiya take tsayuwa in ba ta da lafiya ba. Na ce zan duba ko ina da lokaci.

Ina da shi.