An Ɗaga Tabarma, Sammaci Yana Nan

Zuwa ga ƙanwata Fuatino,

Gaisuwa mai yawa daga Apia, da fatan kina lafiya ke da maigidanki. Allah ya sa sanyin Auckland bai taso miki da ciwon gwiwa ba. Mu nan lafiya lau. Inna ta koma zuwa coci da ƙafarta, gwaza kuma ya yi kyau bana.

Labarin ɗanki Peniamina zan ba ki, amma ki kwantar da hankalinki. Mako uku da suka wuce ya ɗauki motata ba shi da lasisi, ta ƙwace masa a wata kwana, ya daki kabarin mahaifin tsoho Faleupolu da ke ƙofar gidansu, siminti ya tsage. Washegari muka je ban haƙuri irin namu, muka durƙusa a ƙofar gidan lulluɓe da tabarmar da muka gada kaka da kakanni har rana ta yi zafi. Tsohon ya fito ya ɗaga ta, ya ce ya yafe, wai marigayin ma da ransa bai iya tuƙi ba.

Daga nan Peni ya ɗauka magana ta mutu. Sammacin kotu a kicin na tsince shi, an naɗe kifi da shi. Da na tambaye shi, cewa ya yi mai kabari ya yafe, shi alƙali kakansa aka taka? Shekara ashirin na yi ina ɗauko wa jarida labarin kotu. Na san wanda ya ƙi amsa sammaci kamo shi ake yi, takardar zuwansa wurinki kuma ta lalace ke nan.

Sai na tara shi da abokansa matasan coci, na ce musu mota ɗaya ta haifi shari'a biyu. Kabari haƙƙin Faleupolu ne, ya kai ƙara ko ya yafe, ganin damarsa ne. Tuƙi ba lasisi kuwa ƙasa aka yi wa laifi, ba mai yafe shi a ƙofar gida. Ɗaya daga cikinsu, Malaea 'yar Tofiga, ta ce in haka ne, mu je mu lulluɓa a ƙofar ofishin 'yan sanda mana. Na ce ta gwada, ni zan riƙa kai mata ruwa.

Ranar Talata ya tsaya gaban alƙali ya amsa laifinsa. Alƙalin ya yi la'akari da ban haƙurin, ya ba shi yankan ciyawa na awa arba'in, bai rubuta masa laifi ba. Ki gyara masa ɗaki, a watan Disamba zai zo. Makullin motarki kawai za ki ɓoye.

Ki gaida maigidanki Ioapo, da Sieni da jaririnta. Inna na sa muku albarka.

Yayanki,
Simanu