Shamuwar Da Kika Ce Ba Ki Gani Ba

Zuwa ga Zornitsa, tauraruwar asubahina, furen wardin da raɓa ba ta bushe a kansa ba, inuwar kurangar inabi a tsakiyar Yuli,

Ranar Talata, bakwai saura na safe, ina kan tarakta zan wuce gonar wardi, sai shamuwa ta sauka a kan turken lantarkin ƙofar gidanku. Kina zaune bakin taga da bargo a kafaɗa. Kin gan ta. Kin bi ta da ido tun daga baki har ƙafa. Sannan kika ja hannun riga kika rufe zaren nan ja da fari da na ɗaura miki ran ɗaya ga Maris, kika saki labule.

Ko ɗan yaye a ƙauyen nan ya san ƙa'idar wannan zaren, martenitsa: wani ne ke ba ka ita, kuma ranar da ka fara ganin shamuwa sai ka kwance ka rataye a bishiya mai fure. Ga shi har mun shiga Mayu. Zarena yana kan bishiyar bakin coci mako shida ke nan. Naki farin ya koma ruwan toka, yana nan daram. Duk wanda ya tambaya sai ki ce ai ba kya fita, ina za ki ga shamuwa?

Zoben da kika ba mahaifiyarki ta maido mini yana aljihuna. Saƙon ma na riƙe: wai kada in ƙarar da ƙuruciyata a kan macen da matakala goma sha ɗaya ke kayarwa. Ta faɗa tana kallon takalmina. Na ce mata na ji. Ban ce na yarda ba.

Ban yi nisa a makaranta ba, sunan da likita ya ba abin ma bakina ba ya iya kama shi. Amma shekara uku ke nan ina kallo, tun da korona ta shiga gari ta fita ta bar ki a kwance. In kika wanke gashi ran Litinin, sai Laraba kike tashi. In kika miƙe tsaye, zuciyarki na bugawa kamar ta tsuntsun da aka damƙe a tafin hannu. Gahawa tana miki warin ƙonanniyar taya. Kina neman sunan cokali ki rasa, ki nuna shi da yatsa, ki ji haushin kanki. Mutane na cewa ai ga ta nan fes, me ya same ta? Su ranar da kika fito suke gani. Ni kwana biyun da ke biyo baya na sani.

Kin tuna tsinkar wardin ƙarshe kafin cutar? Da hannu biyu kike tsinka, buhunki ya cika kafin rana ta shanye raɓa. Kika waiwayo kika kira ni kunkuru, wai ko kakarki ta fi ni sauri, kika watsa mini fure a fuska. Ashe nawar nan za ta yi mini rana! Wa ya fi kunkuru dacewa da wadda ke hutawa bayan taku ashirin?

Ya sanyin maɓuɓɓugar dutse, ya hasken tagar da nake rage gudu dominta, ban ce za ki warke ba, don ban sani ba. Ban kuma ce ki warke sannan in zo ba. Na gyara ɗakin ƙasa na gidan kakana, babu matakala ko ɗaya. Ranar biki su zagaye fili da rawa har su gaji, mu muna zaune. Ƙamshin da ya ɓace miki, ni zan riƙa gaya miki yadda yake kowace shekara. Har yaushe za ki kore ni da baki, hannunki yana riƙe da ni?

Ran Lahadi zan zo da zoben. In da gaske kina son in tafi, rataye zaren a bishiyar tuffar ƙofarku inda zan hango daga hanya, ba zan ƙwanƙwasa ba. Taku goma sha huɗu ne daga ƙofa zuwa gindinta. Na ƙirga, kina iyawa. In na tarar da reshen babu komai, zan shigo.

Naki ranar da kika iya tashi, naki ranar da ba ki iya ba, har ƙarshen numfashina,

Momchil

Af, in kina shirin cewa idona ne ya yi mini gizo: Goggo Penka maƙwabciyarku tana shanya a lokacin, ta gani. Lyuben mai motar burodi ya gani, har ya danna mini hon. Mahaifiyarki ma tana tsaye a bayanki da kofin shayi.