Baba, ƙidaya ba ta ƙarewa a miliyar

Baba,

Gaisuwa da girmamawa. Na san takardar nan ba za ta iske ka ba. Ko da kana da rai ma, ni zan karanta maka ita, to ka yi haƙuri ka saurara.

Garinmu Gangara lafiya. Bana mun samu hatsi, rumbunka ya kusa cika. Inna na fama da gwiwa, amma bakinta ras yake. Hadiza ta haihu, an sa wa yaron sunanka.

Ka tuna shekarar da na zama mushen lakwal, malamin makarantar boko? Kuna ɗaurin dami a gona, ka murje zangarniya ɗaya a tafin hannu, ka ƙirga ƙwayarta har ka gaji. Sai ka tambaye ni a gaban mutane, in an haɗa ƙwayar hatsin ƙasar Damargu duka, wane suna ƴan boko ke ba adadin. Ban sani ba, Baba. Kunya ta hana ni faɗa. Na ce maka ƙidaya a miliyar take ƙarewa, bayanta babu komai. Ka gyaɗa kai, ka yarda, don ɗanka ne mai karatu. Ba ka sake tambaya ba.

Watan jiya aka tara mu a Tanout ana koya mana Ingilishi. Malamar ta rubuta ɗaya a tablo, ta riƙa jera sifiri uku-uku, kowane ukun da waƙafinsa da sabon sunansa. Miliyan. Sai biliyan, wato miliyar ɗinmu. Ni na ɗauka nan za ta ajiye alli. Ina! Tiriliyan, kwadiriliyan, tana tafiya har tablo ya ƙare mata. Ta ce ɗaya mai sifiri ɗari ma sun raɗa masa suna, kuma ko shi ka ƙara masa ɗaya ya wuce. Wane irin fili ne wannan da ba shi da bakin iyaka? Kai da ba ka taɓa riƙe alli ba, yaya aka yi ka hango shi?

Na zauna a benci ina share ido kamar yaro. Shekara tara ka yi da ƙaryata a ranka, ka tafi da ita kabari, don kawai kada a ce mushe bai sani ba.

Ka yafe mini. Allah da ya san adadin kowace ƙwaya ya jiƙan ka.

Ɗanka da bai sani ba,
Mamman Sani