Na Sayar da Irin Albasata Na Sayi Ragon Sunan Jikata

Zuwa ga Shugaban Daraktoci,
Kamfaninmu na Adana Albasa, Jega.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka, da iyalinka, da sauran daraktoci, da fatan kowa yana lafiya.

Sunana Umaru, manomin albasa daga Danwarai, kuma ina cikin masu hannun jari tun ranar da aka aza harsashin ma'ajiya. Da hannuna nake rubuta wannan takarda. Sai da na haura shekara hamsin na shiga ajin yaƙi da jahilci na yamma, don haka in an ga kuskure a yi mini afuwa. Na rubuta ta a fili ne domin sau uku ina zuwa ofis ban same ka ba, kuma abin da ya same ni ya sami mutane da yawa, daga Jandutsi har Mungadi.

Bari in fara da alheri. Ranar Asabar da ta wuce matar ɗana Sani ta haifi 'ya mace, bayan shekara tara muna roƙon Allah. Ita ce jikata ta fari. Da aka miƙo mini ita na karɓe ta, na yi wa Allah godiya. Tun ranar ɗaurin auren Sani na faɗa a gaban mutane cewa ragon sunan ɗansa na fari nawa ne, kuma tun da na shiga kamfani nake cewa daga ribar hannun jarina zai fito. Kan wannan ragon nake rubuto maka.

1. Shekara biyar ke nan da na sayar da albasa buhu goma sha biyu na sayi hannun jari ɗari biyu. Waɗanda suka zo garinmu tallar jarin sun kwatanta mana shi da ba Bafulatani kiwo: saniya taka ce, tana hannun wani, in ta haihu ka gani. Ba zan hana ku yabonku ba. Ma'ajiyar tana aiki, albasar da a da ke ruɓewa a cikin rudu, rumbunmu na kara da ciyawa, yanzu tana kaiwa lokacin tsada. Muna biyan kuɗin ajiya a kan kowane buhu ba tare da ƙorafi ba.

2. A shekarar farko an ba mu rabon riba, kuɗi a hannu. Nawa bai taka kara ya karya ba, amma na sayi turmin atamfa na kai gida, na ji ni ma mai kamfani ne. Shekara uku da suka biyo baya ba a ba mu ko kwabo ba. Kullum bayanin ɗaya ne, an ajiye ribar a cikin kamfani domin ya girma, kamar yadda manomi ke ajiye iri. Na yarda, don na san iri. Amma ban taɓa ganin manomin da ya mayar da amfanin gonarsa kaf iri, shekara uku a jere, iyalinsa suna kallon rumbu ba.

3. A taron bana an karanta rahoto da Turanci, aka taƙaita mana da Hausa cewa maimakon kuɗi za a ba kowa ƙarin hannun jari ɗaya a kan kowane biyar. Aka ce a ɗaga hannu. Na ɗaga. A nan laifina ne, kuma ba zan ɓoye ba. An ciyar da mu shinkafa da nama kafin a fara, mu kuwa ba mu saba mu ci abincin mutum sannan mu musa masa a gaban jama'a ba. Na duba hagu na duba dama, kowa yana kallon hannun babban mutumin garinsu. Ban da haka, na ɗauka hannun jari arba'in ɗin nan kamar maraƙi ne, duk ranar da buƙata ta taso in ja shi kasuwa.

4. Da na koma gida na kai littafin rahoton wurin Malam Bello, wanda ya koya mini karatu. Kwana huɗu muna bin shafin dukiyar masu jari da yatsa, yana fassarawa, ina rubutawa. Layi biyu ne manya: kuɗin da muka zuba, da ribar da aka tara. Abin da aka yi shi ne, an ɗebi adadi daga layin riba an ɗora shi a kan layin jari. Jimillar da ke ƙasan shafin ba ta motsa ba. Ranka ya daɗe, wannan kamar a zazzage buhu biyar ne a sake ɗurawa a buhu shida. Buhu ya ƙaru, albasa ba ta ƙaru ba. Da yake kowa an ƙara masa daidai da kowa, rabona a kamfani yana nan inda yake jiya. Sai dai ma Malam Bello ya nuna mini cewa abin da aka mayar layin jari ya fita daga cikin abin da za a iya raba mana gobe. Babu wanda ya faɗa mana wannan kafin mu ɗaga hannu. A wani shafi kuma na ga alawus ɗin zaman daraktoci. Shi ba a biya shi da takarda ba.

5. Ranar Litinin na hau mota zuwa Jega da takardar sababbin hannayen jarina, ina neman a karɓa a ba ni kuɗin rago. Ma'aikacin ofis ya karɓe ni da mutunci, ya ba ni ruwa, ya ce kamfani ba ya sayen jarinsa, sai dai in nemo mai saye da kaina. Na nema. Duk wanda na tuntuɓa ya zaro irin takardata daga aljihu ya nuna mini. Ranar Laraba na kwance ƙullin irin albasar da na tanada don bana, wanda na zaɓi uwarsa da hannuna, na shanya, na sheƙe, na sayar da tiya biyu. Ragon yana ɗaure a ƙofar gida yanzu, fari mai baƙin wuya. Kamfani ya riƙe irinsa, ni na sayar da nawa. In lokacin yafa iri ya zo, sai in sayi irin kasuwa da ban san asalinsa ba.

Ban ce an ci mini kuɗi ba, ban kuma iya cewa ba, don ban gani ba. Na dai gaji. Na gaji da hawan mota, na gaji da ce wa iyalina sai baɗi. Shekaruna sittin da bakwai, baɗin da ya rage mini ba shi da yawa.

Ga abin da nake roƙo.

A riƙa fassara shafin dukiyar masu jari da Hausa, a aiko da shi garuruwa tun kafin taro, domin mu karanta a gida mu yi shawara. A riƙa jefa ƙuri'a a takarda, kuma kafin a ci abinci. A faɗa mana a fili, daga cikin ribar da aka tara nawa ne ya zama gini da injin, nawa ne kuɗi a banki. A tsayar da ƙa'ida cewa duk shekarar da aka ci riba za a raba wani kaso da kuɗi, komai ƙanƙantarsa, da ranar biya a rubuce. A kuma buɗe hanyar da tsoho zai sayar da jarinsa idan lalura ta taso.

Roƙona na ƙarshe ƙarami ne, ba ya buƙatar zaman daraktoci. Ranar Asabar za a raɗa wa yarinyar suna. Ranar Litinin zan kawo sunan ofis, a cire nawa daga kan hannun jari arba'in ɗin nan a sa nata. Ita tana da lokacin jira.

Allah ya ba ka lafiya, ya yi maka jagora a kan amanar da ke wuyanka, ya nuna maka jikokinka kamar yadda ya nuna mini tawa. In kana kusa ranar Asabar, da safe ne, kowa a Danwarai zai nuna maka gidan. Akwai nama.

Wassalam.

Naka,
Umaru, manomin albasa, Danwarai.