Senti Biyu a Kan Ɗana

Litinin, 3 ga Maris
Ɗana Orest ya bugo waya ina cikin murza kullun ferogi, abincinmu na fulawa mai cushe. An ɗauke shi a babbar ƙungiyar hokin ƙanƙara ta birni, masu tsaron bayansu biyu sun ji ciwo. Shekararsa talatin da ɗaya, rabinta a ƙananan ƙungiyoyi yana kwana a bas. Na zauna a ƙasa da gari a hannuna, ikon Allah! Ya ce, "Mama, wasa biyu ko uku ne, daga bana kuma na ajiye takalman. Ki shigo ciki ki gan ni, ko sau ɗaya." Na ce za mu gani. Ya san ma'anar za mu gani ɗina.

Talata, 4 ga Maris
Tun yana ɗan shekara tara, ranar da aka maka shi da katangar filin ya kwanta kan ƙanƙara ba motsi, ban sake kallon wasansa ba. In kai shi, in zauna a mota da shayina har a tashi. Tun daga nan bai ƙara jin babban ciwo ba, to me zai sa in taɓa abin da ke aiki? Duk garin nan ba mai yi mini dariya. Babansa ma, Allah ya ji ƙansa, safa ɗaya ya yi ta sakawa ba wanki duk lokacin gasa.

Alhamis, 6 ga Maris
Ƙanena Myron ya zo da wani abin mamaki a wayarsa. Wai kasuwa ce, amma ba alkama ba shanu. Abin sayarwa shi ne wa zai fara jefa ƙwallo a raga ranar Asabar. Kowane ɗan wasa da farashinsa. Ka sayi "e" a kan mutum, in shi ya fara ci a ba ka dala guda, in ba shi ba ka tashi a tutar babu. Yawan masu yarda da mutum, yawan tsadarsa. Na ce ina Orest? Ya yi ta ja har can ƙasa. Senti biyu.

Na ce, "Ɗan nawa? Ubansu ne ya yi masa kuɗi?"
Ya ce, "Yaya, ai sun yi masa kara. Yaron da rabonsa da raga tun bara!"
Na ɗaga masa muciya. Amma abin ya tsaya mini a rai. Mutane a garuruwan da ban taɓa ji ba, ba su san yana tsoron kaji ba, suna zaune suna auna shi.

Juma'a, 7 ga Maris
Orest ya ja kunne kada wani ɗan gida ya sayi komai, korarsa za a yi. Kallo kawai muke. Yau farashinsa ya koma senti uku. Wane ne wannan da ya ƙara masa ɗaya? Na so in san shi in dafa masa abinci.

Asabar, 8 ga Maris
Wannan kam sai na rubuta.

Wasan rana ne. Mun iso, ginin kamar a zuba garinmu duka a ciki. Myron ya miƙo mini tikitina, na ce riƙe. Ya ce, "Haba Yaya, yau ma?" Na ce yau ma fa, yau ne ma bai kamata in canja ba. Ya bar mini wayar ya shige yana ƙunƙuni.

Na zauna a mota, injin na aiki, dusar ƙanƙara na sauka a gilashi. Rediyo a kashe kamar kullum. Amma lambobin nan ba kallon wasa ba ne, na ce wa kaina. Kai, ban taɓa ganin abu irin wannan ba! Suna numfashi. Wannan ya hau, wancan ya sauka, duk 'yan ƙungiyarmu su ɗaga tare sai in gane an fitar da ɗan wancan ɓangaren. Dubban mutane na faɗa mini abin da ke faruwa bayan bangon nan ba tare da sun ce uffan ba. Na Orest na nan a uku, ko gezau.

Sai ƙahon cin ƙwallo ya tashi, har cikin kujerata na ji shi. Na duba. Duk sunayen sun zube sifili. Ɗaya ne ya rage, na Orest, casa'in da tara. Na goge gilashin idona na sake dubawa. Na fito daga motar ba riga mai kauri, ina ihu ni kaɗai a tsakiyar motocin mutane.

Da aka tashi ya fito da baƙar robar da ya ci da ita, ita ce ƙwallon hoki, an naɗe ta da farin tef an rubuta kwanan wata, yadda ake yi wa ƙwallon farko a babbar ƙungiya. Ya sa mini a hannu, da sanyinta. Ya ce, "Kin gani, Mama?" Na ce na ga lamba. Ya yi dariya ya rungume ni, amma dariyar ba ta kai idonsa ba.

Lahadi, 9 ga Maris
Waɗanda suka yi masa kuɗi senti biyu sun gani. Ni da na haife shi, lamba.

Litinin, 10 ga Maris
Myron ya turo hoton bidiyon. Ban buɗe ba.

Laraba, 12 ga Maris
Na buɗe. Ashe haka yake tafiya a kan ƙanƙara? Ƙaton mutum, amma kamar ba ya taɓa ƙasa. Yaushe ya koyi wannan? Da robar ta shiga raga, kafin abokansa su rufe shi, ya ɗaga kai yana duban sama, wajen da Myron ke tsalle. Kujerar gefensa ba kowa, jakar abincinmu ce a kai.

Alhamis, 13 ga Maris
An ce Asabar ce wasansa na ƙarshe, masu tsaron bayan nan biyu sun warke. Senti huɗu yau, marowata.

Na gaya wa Myron kada ya ba kowa tikitin nan. Ba wai na ce zan shiga ba. Mota ce dai tana shan mai in ta daɗe a kunne. Na fito da jar rigar sanyina, ita ce ake hangowa daga nesa.